Lanƙwasasshen Itace da Tsohon Zane a Jikin Ɓawo: Shin Alamar Binnanniyar Dukiya Ce?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a arewacin jihar Arkansas ta Amurka, shekara shida ke nan. A dajin da ke bayan gonar wani abokin aikina mun ga wani itace wanda gangarsa ta tashi har kusan ƙugun mutum, sai ta kwanta kamar benci, sannan ta sake miƙewa sama. Na kewaya shi da igiya na auna, na samu inci 47. Ba nisa da shi, a bakin rafi, akwai wani itacen mai santsin ɓawo da aka zana wa haruffa da wani abu mai kama da kibiya. Abokina ya ce alamun dukiya ne da 'yan fashin zamanin da suka binne, har ya sayi na'urar gano ƙarfe, yana so mu haɗa gwiwa mu haƙa. Shin maganarsa tana da tushe, kuma yaya ake karanta irin waɗannan alamu?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na gode ƙwarai ɗan'uwa, kuma na ji daɗin yadda ka auna itacen kafin ka rubuto, domin wannan awon zai yi mana amfani fiye da duk labaran da aka ba ka. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko hannun mutum ne ya lanƙwasa itacen farko, ko zanen da ke jikin na biyu ya tsufa har ya kai zamanin 'yan fashin da ake magana, sannan ko ɗayansu yana nuna inda aka binne wani abu. Sana'ata aikin gandun daji ce. Na faro ta a gida, daga baya na yi shekaru a nan Amurka ina aikin ƙidayar itatuwa da tantance shekarunsu, kuma an sha kirana in duba irin itacen da ka siffanta.

Asalin maganar lanƙwasassun itatuwa

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to a kan wannan gaskiyar aka gina duk maganar. Abin da ake faɗi shi ne, ƙabilun asali na Amurka, kafin Turawa su raba su da ƙasarsu, sukan kama matashin itace mai kaurin sanda su tanƙwaro shi ƙasa, su ɗaure shi da tsirkiyar fata ko su danne shi da dutse, su bar shi haka. Itace ba ya yarda ya zauna a kwance, saboda haka sai wani reshe ya fito daga saman gangar da ta kwanta ya nufi rana, shi ne ya zama sabuwar ganga, asalin kan kuma ya mutu ya bar wani dunƙule mai kama da hanci. Matafiyi idan ya ga wannan siffa ya san hanya ta bi nan, ko akwai idon ruwa a gaba, ko kuwa nan ne mashigin kogi inda ruwa bai da zurfi.

An fi jin wannan magana a yankin manyan tabkuna, musamman arewacin Shikago a jihar Illinois, inda ƙabilar Potawatomi ta zauna har zuwa yarjejeniyar 1833 wadda ta raba ta da ƙasarta. Wani masanin duwatsu mai suna Raymond Janssen ya bi irin waɗannan itatuwa a jihohi da dama ya yi rubutu a kansu tun shekarun 1930, kuma a yau akwai ƙungiyoyin sa-kai, irin su Mountain Stewards ta jihar Jojiya, da suke tattara wuraren da aka gan su. A Teksas ma ana danganta wasu da ƙabilar Comanche. Amma tun farkon ƙarni na 20 ake gardama a kan lamarin, kuma har yau masana binciken kayan tarihi da yawa ba su gamsu da mafi yawan itatuwan da ake nunawa ba. A jihar Colorado wakilan ƙabilar Ute da kansu sun fito sun ce lanƙwasassun itatuwan da ake jingina musu ba al'adarsu ba ce, abin da kakanninsu suka yi shi ne ɓare ɓawon itacen fayin (pine a Turance) don cin na cikinsa da yin magani, kuma waɗannan tabban suna nan ana ganinsu. Ra'ayina shi ne al'adar ta wanzu a wasu wurare, amma itatuwan da suka saura daga cikinta kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da yawan waɗanda ake yi wa wannan suna.

Dalilin haka kuwa shi ne daji da kansa yana lanƙwasa itatuwa kullum. Babban itace ya faɗi ya danne ƙarami, bayan shekara goma sha biyar ko ashirin babban ya ruɓe ya zama ƙasa, ƙaramin ya tsira da doronsa, babu wata shaida da ta rage. Masu saran katako ma sun bar dubban irinsu, domin duk inda aka kayar da itace sai kansa ya murƙushe na ƙasa da shi, kuma tsaunukan Ozark da kake zaune an sare mafi yawan dajinsu tsakanin 1880 da 1920 don katako da falankin titin jirgin ƙasa. Ga kuma ruwan sama mai daskarewa a jikin rassa: wanda aka yi a watan Janairun 2009 a arewacin Arkansas da Missouri da Kentucky ya tanƙwara matasan itatuwa ba iyaka, kuma nan da shekara hamsin waɗanda suka rayu za su yi daidai da siffar da ka gani.

A fara da shekarun itacen

Tambayar da nake fara yi wa kowane irin wannan itace ita ce shekararsa nawa. A yankinku ƙabilar Osage ta sallama ƙasarta tun 1808, wani ɓangare na Cherokee ya zauna a can daga 1817 zuwa 1828, sannan ayarin Cherokee da aka kora daga gabas ya ratsa ta wajen a 1838 da 1839, bayan dokar korar ƙabilu ta 1830. Ke nan itacen da hannunsu ya tanƙwara dole ya kusa shekara 190 ko ya haura. Idan kuma 'yan fashin ake nufi, shahararren ɗan fashin nan Jesse James da mutanensa sun yi ta'asarsu ne bayan yaƙin basasar Amurka, aka kashe shi a 1882, don haka itacen da ya ga zamaninsa bai kamata ya gaza shekara 140 ba.

Yanzu mu koma kan awonka. Kewayen inci 47 yana ba da kaurin inci 15 daga gefe zuwa gefe. Akwai wani lissafi na kintace da masu kula da itatuwa ke yi, inda ake ninka kaurin da wata lamba gwargwadon irin itacen. Ga itacen farin ok (white oak a Turance), wanda shi ne aka fi samu a wannan siffa, lambar biyar ce. Inci 15 sau biyar ya ba da shekara 75, wato itacen ya tsiro ne wajejen 1950, lokacin da ƙabilun da 'yan fashin duk sun daɗe da wucewa.

Sai dai ba zan ɓoye maka raunin wannan lissafi ba, musamman a ƙasarku. A kan busassun duwatsun Ozark itace yana girma a hankali ƙwarai, kuma masu binciken zobban da ke cikin gangar itace na Jami'ar Arkansas da ke Fayetteville, ƙarƙashin David Stahle, sun samu ƙananan itatuwan ok a irin waɗannan wurare da suka haura shekara 200, wasu har 300, alhali kaurinsu bai taka kara ya karya ba. Idan itacenka yana kan tudun dutse mai ƙarancin ƙasa, yana iya girme wa kintacen nesa ba kusa ba. Idan kuwa yana kwari kusa da rafi, inda ƙasa ke da danshi, kintacen ya fi kusa da gaskiya, wataƙila ma ya yi masa ƙari.

Abin da ke raba gardama shi ne a ƙirga zobban. A ƙasashen sanyi itace yana ƙara zobe ɗaya kowace shekara, kuma muna da wani siririn bututun ƙarfe mai kaifin baki da muke murzawa cikin ganga mu zaro tsinken itace mai kaurin fensir, ba tare da mun kayar da shi ba. Na taɓa yin wannan aiki ga wani dattijo manomi wanda ya yi imani kakan kakansa ya tarar da itacen gonarsa a lanƙwashe. Na huda miƙaƙƙen reshen da ya zama ganga, dab da inda ya fito daga doron, domin shekarun wannan reshe su ne ke gaya maka lokacin da aka tanƙwara itacen. Da na goge tsinken da takardar yashi na sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, zobe 83 na ƙirga, kuma zobban farko faffaɗa ne ƙwarai, alamar cewa rana ta samu itacen sosai a lokacin, wato an sare dajin da ke kewaye da shi. Ba da nisa ba kuma muka ga ruɓaɓɓun kututture masu shafaffen kai irin na zarto. Dattijon ya daɗe yana juya tsinken a tafin hannunsa bai ce komai ba, ni ma ban so sakamakon ya fito haka ba, amma abin da itacen ya nuna ke nan.

Ko da zobban sun kai 200, abin da suka tabbatar shi ne itacen ya isa a yi zato a kansa. Ba su tabbatar da hannun mutum ba, domin guguwa ma tana nan a wancan zamani. Sai an haɗa da wasu shaidu: tsohuwar taswira da ta nuna hanya ta bi wurin, wasu itatuwan masu siffa ɗaya da shekaru ɗaya a jere, idon ruwa ko mashigi a inda ya fuskanta, da kuma abin da zuriyar ƙabilar da kanta ta sani.

Zanen da ke jikin ɓawo

Itacen mai santsin ɓawo na bakin rafi, bisa siffar da ka bayar, ina kyautata zaton bic ne (beech a Turance), wanda ɓawonsa toka-toka ne kuma ba ya tsattsagewa da tsufa, shi ya sa kowa ya riƙe wuƙa sai ya so ya rubuta wani abu a kansa. Abu biyu ya kamata ka sani game da yadda zane ke tsufa. Na farko, zane ba ya hawa sama. Itace yana ƙara tsawo ne daga ƙarshen rassansa, saboda haka abin da aka zana daidai ƙirjin mutum zai zauna daidai ƙirjin mutum har itacen ya faɗi. Na biyu, ganga tana ƙara kauri, don haka haruffa suna buɗewa ta gefe, tsawonsu kuwa bai canzawa. Sabon zane layinsa siriri ne, bakinsa da kaifi. Wanda ya shekara arba'in ko hamsin layukansa na tsaye sun yi faɗi kamar yatsa, sun yi baƙi sun kumbura. Wanda ya haura ƙarni a jikin itace mai girma sosai haruffansa sukan baje har su zama dabbare-dabbare, da ƙyar ake gane su. Idan har kana karanta haruffan nan cikin sauƙi, kibiyar ma ta fito tsaf, da wuya su kai zamanin Jesse James. Kuma ka yi hattara da ido, domin a jikin bic duk inda reshe ya mutu ya faɗi yakan bar tabo mai kusurwa kamar kan kibiya, mutane da yawa sun ɗauke shi aikin wuƙa.

Su wa suka yi zane a itatuwan Amurka? Mafi yawansu samari da 'yanmata ne da mafarauta, masu rubuta harafin farko na sunansu da shekara. Bayan su sai safiyo. Tun dokar ƙasa ta 1785 gwamnati ke yanka ƙasar yamma gida-gida, kowane yanki mil ɗaya tsawo mil ɗaya faɗi, eka 640, kuma a kowace kusurwa safiyo yakan zaɓi itatuwa biyu zuwa huɗu ya fafe ɓawonsu da gatari ya rubuta lambobin yankin, sau da yawa da haruffan BT a ƙasa, masu nufin itacen da ke nuna inda kusurwar take, ya kuma shigar da nisansu da alƙiblarsu cikin littafinsa. Waɗannan su ne itatuwan shaida. Awon jiharku gaba ɗaya ya faro ne daga wata fadama a gabashin Arkansas a 1815, kuma a 1921 wasu safiyo suka sake gano itatuwa biyu da na farkon suka yi wa alama a wurin. Mai neman dukiya idan ya ga haruffa da lambobin da bai gane ba sai ya ce rubutun asiri ne, alhali iyakar gona ce, kuma sare irin wannan itace laifi ne a dokar tarayya.

A dazuzzukan fayin na kudu maso gabas za ka ga jerin yanka masu siffar kan kibiya suna fuskantar ƙasa. Wannan aikin masu tatsar ƙaro ne, kamar yadda ake tsaga jikin dakwara a Borno da Yobe. A tsaunukan yamma kuwa, a Nevada da Kalifoniya da Idaho, makiyayan tumaki 'yan ƙabilar Basque daga iyakar Sifen da Faransa sun cika itatuwan asfen (aspen a Turance) da sunayensu da garuruwansu da kewar gida, kuma wani malami a Jami'ar Nevada da ke Reno, Joxe Mallea-Olaetxe, ya tattara fiye da 20,000 daga cikinsu. Waɗannan zane-zane suna da daraja babba, domin rubutu ne da talakawan makiyayan suka bari da hannunsu.

To ina dukiyar?

Ruwa ba ya tsami banza, kuma labarin abokinka yana da inda ya samo asali. Gungun Jesse James sun tare keken dokin fasinja kusa da Hot Springs a Arkansas a watan Janairun 1874. An kuma yi wata ƙungiyar asiri ta masu goyon bayan jihohin Kudancin Amurka mai suna Knights of the Golden Circle, wadda George Bickley ya kafa a 1854, kuma masu neman dukiya sun yi imani ta binne zinariya a wurare da yawa ta bar alamu a itatuwa da duwatsu. Ƙungiyar ta wanzu, wannan tarihi ne. Amma maganar taskokinta da fassarar alamunta, cewa kunkuru na nufin kaza, zuciya na nufin zinariya, mujiya na nufin a duba baya, masana tarihi ba su samu takarda ko shaidar zamanin da ta tabbatar da ita ba, kuma littattafan masu fassarar ma suna saɓa wa juna.

Dubi yadda aka samu manyan tsintuwa na gaskiya. A 2013 wasu ma'aurata a arewacin Kalifoniya suna yawo da karensu a filinsu suka ga bakin tsatsattsen gwangwani ya leƙo daga ƙasa, suka tono gwangwanaye takwas ɗauke da tsabar zinariya 1,427 da aka buga tsakanin 1847 da 1894, aka ƙiyasta su kusan dala miliyan 10. Sun ce tun da daɗewa suna ganin wani tsohon gwangwani rataye a jikin itace kusa da wurin, har itacen ya haɗiye gefensa, amma sai bayan tsintuwar suka yi tunanin ko alama ce. A 2023 wani mutum a Kentucky ya tono zinariya fiye da 700 ta zamanin yaƙin basasa a gonar masara. Babu ɗayansu da ya bi lanƙwasasshen itace. Hankali ma ya nuna haka: tanƙwarar itace tana ɗaukar shekaru kafin ta kama siffa, ɗan fashin da ake bi da dawakai ba shi da wannan lokaci, kuma mai ɓoye kuɗi so yake kada kowa ya lura, don haka yakan dogara da abin da shi kaɗai zai tuna, kamar gindin murhu, ko turken shinge, ko taku kaza daga rijiya.

Misalin da na sani tabbatacce na zane a itace da ya nuna abin da aka binne daga Ostiraliya yake. Ranar 21 ga Afrilu 1861, a bakin rafin Cooper, William Brahe ya gaji da jiran ayarin Burke da Wills, masu binciken ƙasa da suka bar shi yana tsaron sansani, ya binne musu guzuri a gindin itace, ya sassaƙa kalmar Turanci mai nufin "haƙa" ɓaro-ɓaro, ya tafi da safe, su kuma suka iso da yammacin ranar. Abinci ne aka binne, kuma da yake so ake a gane, ba a yi wani rubutun asiri ba.

Ka tuna da gida. Idan ka ga kukoki sun taru a tsakiyar daji, ka san kufai ne, mutane sun taɓa zama a wurin, kuma tabon da ke gindinsu na masu ɓare ɓawo ne don igiya. Itacen ya faɗi gaskiya cewa an yi rayuwa a nan, kuma a nan shaidarsa ta tsaya. Lanƙwasasshen itace na gaskiya ma haka yake: ruwa ko hanya yake nunawa.

Kafin a sa diga

Doka a nan tana da tsanani, kuma kai baƙo ne mai takardun zama da ya kamata ka kiyaye. A filin gwamnatin tarayya, dokar kare kayan tarihi ta 1979 ta haramta tono ko ɗaukar duk wani abin tarihi da ya haura shekara 100 ba tare da izini ba, hukuncinta tara ne da ɗauri. A wuraren da hukumar gandayen shaƙatawa ta ƙasa ke kula da su, irin su bakin kogin Buffalo da ke yankinku, amfani da na'urar gano ƙarfe ma haramun ne. Ka ce dajin yana bayan gonar abokinka, to a fara tabbatar da ko nasa ne, domin gonaki da yawa a can suna iyaka da dajin gwamnati. Idan nasa ne yana da damar yawo da na'urarsa, amma ku rubuta yarjejeniya kafin a samu komai, kuma idan kuka ci karo da ƙashin mutum ko alamar kabari, ku dakata nan take ku sanar da hukuma. Hukuncin rikazi, wato dukiyar da aka tarar a binne, da na tsintuwa a shari'a kuwa, wannan fagen malaman fiƙihu ne, a tambaye su.

Roƙona gare ka shi ne kada ku haƙa a gindin itatuwan nan. Mafi yawan saiwoyin da itace ke sha da su suna cikin ƙafa biyu na saman ƙasa, kuma na ga tsofaffin itatuwa da suka bushe cikin shekara uku bayan an kewaye su da ramuka. Kada kuma ku kankare zanen ko ku shafa masa alli ko fenti don ya fito. Ku je da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da hasken rana ke zuwa ta gefe, ku ɗauki hoto da ma'auni a jikin haruffan. Daga hoto ba zan iya yanke hukunci kan shekaru ba, amma zan iya gaya maka irin itacen da kuma ko tabon na wuƙa ne ko na reshe. Ka auna mini kaurin miƙaƙƙen reshen dabam da na gindin, ka duba alƙiblar da doron ya fuskanta, ka bi ta taku ɗari biyu ko uku ka ga ko akwai idon ruwa ko mashigi, ka kuma lura ko akwai tsofaffin kututture a kewaye. Takardun safiyon farko na yankin suna nan a intanet, kuma ma'aikacin gandun daji na gundumarku zai iya zuwa da bututun huda idan mai filin ya nema. Idan zobban suka haura 190, hukumar binciken kayan tarihi ta jihar, wadda hedikwatarta ke Fayetteville, za ta so ta ji labarin itacen.